Na Tafi Ciyaman, Na Dawo Barmo

Tun da na dawo daga ƙasar Fotugal ba a bar ni na sha shayi da zafinshi ba. Duk inda na zauna sai wani ya matso: "Alhaji, yaya ƙasar Turawa? Da gaske karnuka na sa riga?" Na maimaita har muƙamuƙina ya gaji, shi ya sa na sayi littafin rubutu na ce bari in zuba labarin gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Amma in gaya maku tun yanzu, don kada Iro ya riga ni: a cikin labarin nan akwai wawa guda ɗaya, kuma ba Bature ba ne. Ni ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Barmo. Sai dai shekara goma sha tara ba mai kirana da shi in ban da taubashina Iro na Tsaskiya, wanda ba ya da kunya tun muna kiwon awaki. Kowa Ciyaman yake cewa, don ni ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan dankali a kasuwar Batsari, Iro kuma mataimakina. Boko na yi shi har aji huɗu, kafin mahaifina ya lura cewa jakinshi ya fi malamin makaranta buƙatata. Da aji huɗun nan nake karanta ma ƙungiya takardu, da shi nake gyara ma masu digiri Turanci.

Kujerar Ciyaman ba ta da albashi. Abin da ke gare ta shi ne ita kanta kujerar, ta katako mai hannuwa biyu, a bakin rumfa, sai hatimin ƙungiya, sai kuma in rigima ta tashi tsakanin mai buhu da direba a ce, "A kira Ciyaman." Wanda bai taɓa ji an faɗi haka saboda shi ba, ba zai gane ba.

'Yan shekarun nan matasa sun tsiro da maganar zaɓe. Ni kuwa ina da maganinsu, sunanshi murabus. Sau biyu na yi amfani da shi. In gunaguni ya yi yawa sai in miƙe tsakiyar taro in ce na gaji, na sauka, in kaɗe riga in nufi gida. Kafin la'asar dattawa sun biyo ni da goro. "Haba Ciyaman, wa za ka bar ma mu?" In ƙi. Washegari su dawo, in ƙi. A zuwa na ukku sai in yi ajiyar zuciya in ce, "To, don darajarku." Kowa ya san haka ake yi, ba wanda ya taɓa rubuta shi, ba kuma wanda ya taɓa tsallake shi. Daga nan maganar zaɓe ta kwanta shekara biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi.

Dalilin tafiya shi ne autanmu Nura, wanda ke karatun noma a can Fotugal. Matarshi ta haihu, haihuwar fari, aka ce uwar gidana Hajiya Kulu ta je ta ga mai jego. Mace kuwa ba ta irin wannan tafiya ba muharrami. Wato a takarda ni ɗan rakiya ne. A kasuwa kuma na bari aka fahimci cewa zan je duba yadda Turawa ke tafiyar da harkar dankali. Ban faɗi haka da bakina ba, amma da wani ya faɗa ban musa ba.

Ranar tafiya Iro ya zo tun hantsi a kan babur, laka har gwiwa, wai ya zo rakiya. Bai gama gaisuwa ba ya ce, "Barmo, hatimin fa?"

"Wane hatimi?"

"Na ƙungiya mana. In takarda ta taso kana can?"

"Ta jira ni. Sati ukku ne, ba hijira zan yi ba."

Hatimin yana aljihuna na ciki, na kulle bakin aljihun da fil. Na ce mashi, "Kujera kuma riƙo na ba ka. Ka zauna bakin-baki, kada ka jingina."

Ya ce, "Ni da ciwon baya?"

Muka shiga motar Katsina da rana tsaka, don a hanyarmu yanzu ba mai son rana ta karkata yana kan titi. Akwai wuraren da in an iso sai mota ta yi tsit, kowa bakinshi na motsi, direba ya danna mai. Da an wuce, gardamar da aka bari rabi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Hajiya na zaune kan kayanta kamar kaza mai kwanci: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kanwar kunun jego. Nura ya yi ta gargaɗi a waya cewa komi a kawo amma ban da nama, dokar ƙasar ta hana. Hajiya ta ji. Ni kuma a Katsina na sayi kilishi, don a ganina kilishi ya riga ya wuce matsayin nama.

Daga Katsina muka yi Abuja, daga can jirgi. Ni jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka. Na ma nuna ma Hajiya yadda ake ɗaura ɗamara, sai ta ce in duba tawa, ashe na haɗa bakin tawa da ta wani Bayarabe da ke gefena. Muka sauka Maroko muka sake jirgi. A nan na gwada Larabcina a kan wani mai shara, ya saurare ni da ladabi har na gama, ya shafa addu'a ya ce amin. Ni kuwa bayi nake tambaya.

Da jirgi ya kusa sauka Lisbon na ninke kilishin nan na cusa shi cikin hula, na mai da hular kai.

Wurin buga fasfo ban sha wuya ba. Jami'in ya tambaye ni sana'a, na ce Ciyaman. Ya ce na mi? Na rasa Turancin dankali, saboda haka na kwance fil na fito da hatimi, na hura mashi iska, na buga a bayan tikitina na tura mashi. Ya duba, ya juya shi sama da ƙasa, ya dube ni. Sai ya ɗauki nashi hatimin ya buga mani a fasfo, ƙwas. Muka gyaɗa ma juna kai. Ma'aikaci ya san ma'aikaci.

Gaba kaɗan aka zo da kare. Ya sunsuni jakar Hajiya, ya iso kan daddawa, ya yi atishawa ya ja da baya. Aka duba, aka ce ta wuce. Sai karen nan ya tako a hankali ya zauna gabana ya ɗaga kai yana kallon hulata, kallon girmamawa. Na matsa dama ya matsa, na matsa hagu ya matsa. Wata jami'a, yarinya sa'ar jikata, ta nuna kaina ta yi alamar in cire. Ni da ko gaban hakimi hulata ba ta taɓa barin kaina ba! Na cire. Kilishin bai biyo hular ba, ya manne a sanƙo, mai na gangarowa ta bayan kunne. Ita ta ɓare shi da safar hannu. Na waiwaya neman Hajiya ta sa baki, na tarar ta matsa can nesa tana gaya ma wata Banufiya da muka taho tare, "Ni ma a jirgi na gan shi."

Nura ya tarbe mu, muka shiga jirgin ƙasa muka yi kudu, zuwa wani gari na bakin teku inda yake zaune. Abin da ya fara ɗaure mani kai shi ne harshe. Ni a zatona Bature Bature ne, Turanci kuma ɗaya ne. Ashe waɗannan nasu daban, magana suke kamar mai shan kunu da zafi, shuu-shuu. Aji huɗuna ya tashi a banza. Sati ukku ɗan da na haifa shi ne bakina, shi ne kunnena, kuma na tabbata ba duk abin da na faɗa yake isarwa ba, don sai in yi magana mai tsawo ya fassara ta da kalma biyu.

Gidanshi yana hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo, duk gidan bai kai zaurena ba. Amma na yaba masu abu ɗaya: a bayi, kusa da masai, sun gina wani ɗan kwano ƙasa-ƙasa mai famfo, daidai wanke ƙafa. Na ce ma Nura, "Ka ga mutanen kirki. Ba sa salla, amma sun tanadar ma baƙo wurin alwala." Kwana biyar ina alwala a wurin kafin ya sami ƙarfin halin gaya mani aikin kwanon, ashe na tsarki ne. Sallolin kwana biyar ɗin nan na rama su, ko da malamai za su ce ba dole.

Gaisuwarsu kuma ba ta da 'ya'ya. Kalma ɗaya, an wuce. Ba ina gajiya, ba ina iyali, ba yaya muka ji da ruwa. Na tsai da wani maƙwabci a matattakala na fara gaishe shi yadda ya kamata, ban kai ga shanu ba ya duba agogo. Amma inda suka rage a baki sun cika a kumatu. Wata tsohuwa da ke ƙasanmu ta hawo ganin jaririya, ta rungume mai jego, ta rungume Hajiya, ta sumbace ta dama da hagu, sannan ta juyo kaina da hannuwa buɗe. Na ja baya har na haɗu da firij. Hajiya ta ce, "Tsaya mana Alhaji, al'adarsu ce." Ta faɗi haka ne da wata irin murya wadda na sani shekara arba'in. Ban tsaya ba.

Abinci kuwa, babban abin alfaharinsu wani busasshen kifi ne mai gishiri, faffaɗa, in ka gan shi jingine a kanti sai ka ce allon makaranta. Sai an jiƙa shi kwana biyu yake yarda a ci shi. Suna cin dodon koɗi, ƙanana, suna zaƙulo su da tsinke suna hira. Gahawarsu a wani ɗan kofi ake kawo ta, wanda in a Batsari ka ba baƙo shi za a ce ka raina shi. In ba don tuwon Hajiya da miyar kuka ba, da iska ta ɗauke ni.

Dankali dai na gan shi, don kada a ce ban yi aikin da ya kai ni ba. Abin mamaki, ba na Turawa ba, namu na Hausa, mai zaƙi, kuma suna rantsuwa nasu ne tun kakanni. A kasuwa an wanke kowane ɗaya an jera shi kamar ƙwai. Na sa Nura ya tambayi wata mai sayarwa ina Ciyaman ɗinsu, in kai gaisuwa. Ta yi dariya ta ce su karɓa-karɓa suke yi, kuma kowa gudun abin yake, bana a kan ƙaninta abin ya faɗa, yana can yana ƙunƙuni. Na ce ma Nura mu tafi, ƙungiyar ba ta da tsari.

Ranar wata Laraba, saura kwana shida mu taso, Nura ya ce zai kai mu gari na gaba mu sha iska. A can ya shigar da mu wani gida da aka mayar wurin tarihi, wai na tunawa da wani tsohon shugaban ƙasarsu ne, ɗan garin. Ya faɗi sunan sau ukku, harshena ya ƙi ɗauka. Mai kula da wurin wani dattijo ne mai gashin baki kamar tsintsiya, tsohon malamin makaranta. Da ya ga babbar rigata ya ɗauka wani ne ni, ni kuma ban gyara mashi ba. Yana magana Nura na fassarawa, Hajiya na bayanmu da jakarta tana saurare.

Ya ce mahaifin mutumin fataucin busasshen ɓaure yake yi, shi ma da ya tasa ya riƙa kai ɓauren ƙasashen waje yana sayarwa.

Na ce, "Ɗan kasuwar kayan gona ke nan. Ci gaba."

Ya ce an tura shi karatun likita, ya watsar bai ƙarasa ba.

Na dubi Nura. "Ka ji ko? Bai ƙarasa ba. Ci gaba."

Ya ce duk da haka ya zama marubuci na ji da gani, ga littattafanshi nan cikin gilashi. Kuma yana cikin masu ra'ayin a bar mulkin sarauta a koma jamhuriya, inda talakawa ke zaɓe. Da aka yi hakan aka tura shi jakada Ingila, daga baya aka ɗauko shi aka ba shi shugabancin ƙasa gaba ɗaya.

Na tsaya gaban hoton mutumin da ke rataye a bango ina duba shi. Farin gemu gyararre, ido na mai wayo. Ɗan kasuwa, rabin boko, shugaba. Wallahi har kama na fara gani.

Sai dattijon ya ce, bayan kamar shekara biyu, ya ajiye mulkin.

"Sojoji suka ture shi?"

A'a.

"Ciwo?"

A'a. 'Yan siyasa ne suka ishe shi da rigima, yau a kafa gwamnati gobe ta rushe, kowa na zagin kowa, shi kuma a tsakiya. Ya ga ba abin da zai iya gyarawa, ya rubuta takarda ya sauka.

Na yi murmushi irin na wanda ya san aikin. "To, sau nawa suka zo biko?"

Nura ya fassara, dattijon bai gane ba. Na yi bayani: dattawa, goro, zuwa ukku. Ya girgiza kai ya ce ai kwana kaɗan bayan saukar ya shiga jirgin ruwa na ɗaukar kaya ya tsallaka Afirka. Ya yi yawonshi, daga bisani ya zauna a wani gari na bakin teku a Aljeriya, a ɗakin otal guda ɗaya, shekaru, yana rubuta littattafai da wasiƙu. Can ya mutu. Bai sake taka ƙasar ba sai da aka kawo gawarshi, shekaru bayan haka.

Ni dai a lokacin kunnena ya riga ya bar wurin, don dattijon na magana ne yana nuna mana ta taga: ga titi da sunanshi, can akwai makaranta da sunanshi, ga mutum-mutuminshi. Ya ce shugabannin wancan zamani da yawa an manta su, amma wannan ko yara sun san shi. Ya faɗa yana dafa ƙirji.

Muna cikin mota ina lissafi. Shekara biyu kacal ya yi, ya sami titi. Ni goma sha tara. Kuma dama lokacin murabus ɗina na ukku ya yi, don kafin in taso na ji matasa sun fara ƙus-ƙus. To ina murabus ɗin da zai kai wanda aka aiko daga Turai, da ƙarar teku a bayanshi? Na ga dattawa suna layi suna kira a waya. Na ga motoci sun fito tarbata tun daga hanyar Katsina.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Batsari, ranar da kowa ke rumfa. Da hantsi na sa babbar riga na ce Nura ya kai ni bakin ruwa. Muna da zaure a waya inda 'yan ƙungiya ke aika saƙon murya. Na danna na yi gyaran murya. Na ba su tarihin mutumin tun daga ɓaure har titi. Na ce na yi nazari a ƙasashen da suka ci gaba, na gano cewa babban shugaba shi ne wanda ke sauka da ƙafarshi. Na ce saboda haka ni Barmo, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na ajiye shugabancin 'yan dankali daga yau. Na bar igiyar ruwa ta buga sau biyu kafin in saki.

Nura ya ce, "Baba, kada ka tura. Ka bari ka koma."

Hajiya ta ce, "Ƙyale shi. Ya yi nazari."

Na tura.

Na zuba ma waya ido, ba amsa. Na ce ma Nura, "Kaɗuwa ce." Sai saƙo ya shigo, muryar Iro. "Allahu akbar! Jama'a kun ji da kunnenku. Barmo, Allah ya saka da alheri, Allah ya sa ka gama lafiya. Wallahi tafiya ta yi amfani." A bayanshi ina jin tafi, har da wani mai fito. Ban gama haɗiye wannan ba hoto ya shigo: Iro a kan kujera, ya jingina har hularshi ta turo gaba, ga tiren balangu a cinya.

Na ce ba komi, matasa ne, dattawa sai la'asar. La'asar ta yi, ta wuce. Juma'a na ajiye waya kusa da kwanon tuwo. Asabar na sa Nura ya duba ko layin ƙasar ne ke hana kira shigowa. Ya kira ni daga ɗaya ɗakin, ta yi ƙara lafiya lau.

A nan ne na gane abin da ban lissafa ba. Murabus ɗina biyu na baya, ina gari na yi su. Gidana yana kan hanyar masallaci, duk dattijon da bai zo biko ba sai ya wuce ta ƙofata sau biyar a rana ina zaune ina kallonshi. Ba ƙauna ke kawo su ba, ido ne. Yanzu kuwa na ɗauke idon na kai shi bayan teku da kuɗin jirgin da ɗana ya biya.

Ran Lahadi na sake aika saƙo, gajere. Na ce labari ya iso mani cewa hankalin jama'a ya tashi, to in dai an matsa, ni mai sauraron manya ne. Iro ya amso nan take: "Ba mai matsa maka, ɗan'uwa. Duk wanda ya matsa maka, ni da shi ne. Ka huta."

Saura hatimi. Na shafa aljihu na ji shi, na ce kujera katako ce, mulki yana nan.

Dawowa ba wani labari. Kare bai kula ni ba. A tashar Batsari masu tarba mutum biyu ne, duka jikokina, kuma jakar Hajiya suka nufa.

Alhamis na yi wanka na sa rigar da na yi murabus da ita na shiga kasuwa. Aka yi ta murna, ban ce ba a yi ba. "Alhaji Barmo! Sannu da hanya, Alhaji Barmo!" Sunan ya riƙa dukan kunnena kamar na wani. Iro ya taso daga kujera, a hankali saboda bayan, ya rungume ni, ya koma ya zauna, ya nuna mani benci. Na zauna, na bari aka gama gaisuwa, sannan na kwance fil na fito da hatimi na ɗora a gwiwa, ba don komi ba, don ya sha iska.

Iro ya leƙo. "Af, tsohon ne? Riƙe abinka, tsaraba ce." Ya jawo wani sabo daga aljihu, mai murfi, wanda ba ya ko buƙatar tawada. "Ran Juma'ar nan aka sassaƙo mana a Katsina. Kafin a sauko masallaci an gama."

Shekara goma sha tara ina kwana da abin nan ƙarƙashin matashi, ashe aikin rabin yini ne.

Ya ce kuma ƙungiya ba ta manta da maganar titi ba. Aka taso gaba ɗaya aka raka ni bayan rumfa. Akwai wani ɗan lungu da ke bi zuwa inda ake ɗaure jakuna, an kafa langa-langa a bakinshi, an rubuta da jan fenti: Layin Barmo. Aka yi tafi. Iro ya ce mutum-mutumi ne dai malamai suka hana, in ba haka ba har mai sassaƙa turmi an yi ma magana.

Na dawo gida kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba ranar kasuwa. Hajiya na tsakar gida tana tsince wake. Na zauna kan turmi na fara. Na ce mutanen nan ba su san daraja ba. Na ce ita shaida ce, da idonta ta ga yadda ƙasar da ta san abin da take yi ke girmama wanda ya sauka: titi mai kwalta, makaranta, gida guda na tarihi, dattijo na dafa ƙirji in an ambace shi. Na ce mi ya fi ni da shi? Shi ɓaure, ni dankali. Shi bai ƙarasa boko ba, ni ban ƙarasa ba. Shi ya sauka da kanshi, ni na sauka da kaina. To don mi shi ake kewarshi har yau, ni kuwa aka haɗa ni da jakuna?

Ba ta ɗago ba. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta jefar da wata tsakuwa.

"Ai ina wurin aka ba da labarin, Alhaji, kuma ni har ƙarshe na saurara. Shi da ya sauka, jirgi ya shiga, ba a sake ganinshi ba sai gawa. Kai mi ya dawo da kai?"